Wane girma zan wanke hotunan da nake son sayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano. Ina da hotunan Hawan Daushe da na marinar Ƙofar Mata, ina so in fara sayar da su a cikin firam. Da na kai wanki aka fitar mini da su a inci 8x10, sai na tarar an guntule jelar doki a wani, a wani kuma rabin laimar Sarki ta tafi. Wane girma ya dace in zaɓa? Kuma dole ne sai na sa kwalin nan da ake zagaye hoto da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ga laifin mai wankin, takardar ce ba ta dace da hoton ba. Yawancin manyan kyamarori suna ɗaukar hoto ne a kan awon uku bisa biyu, wato idan tsawo ya yi inci 12, faɗi zai yi 8. To ka ga in aka ce a cusa shi a 8x10, tilas inci biyu su salwanta, kashi ɗaya cikin shida na hoton ke nan. A hoton fuskar amarya ba wanda zai lura. Amma hawa abu ne mai faɗi, dawakai a jere, dogarai a gefe, kuma abin da ke gefen shi ne rabin labarin.

Saboda haka ka ce a wanke maka a 8x12 ko 12x18, babu abin da za a yanke. Idan kyamararka mai megafiksel 24 ce, wato ɗigo miliyan 24 ne ke haɗa kowane hoto, za ta ɗauki 12x18 tas ba tare da hoton ya dushe ba.

Kwalin kuwa ina ba ka shawara kada ka bar shi. Shi ne zai shigar da hotonka cikin firam ɗin da ake samu a haɗe, ba sai ka biya kuɗin yanka na musamman ba. Hoto mai 8x12 yana zama daidai a firam mai 12x16, da kwali inci biyu a kowane gefe. Mai 12x18 kuma ka ba shi firam mai 18x24, kwali inci uku. A yanka bakin kwalin ya ɗan hau kan hoton kaɗan don kada gefen takarda ya leƙo. Sannan yana raba hoto da gilashi. Duk wanda ya taɓa sauko da tsohon hoton gidansu bayan damina ya ga yadda laima ta manne shi da gilashi, in ka ja sai fuskar ta ɓare, ya san amfanin wannan ɗan tsakanin. Ka zaɓi fari ko ruwan madara. Shuɗin baban marina da jajayen rigunan dogarai sun isa launi, kwali mai kala zai yi gasa da su ne kawai.

Ka tsaya a kan girma biyun nan tukuna. Mai sayar da girma biyar ko shida jarinsa a firam yake kwanciya, mai saye kuma ya tsaya yana ruwan ido. Ƙaramin na masu kyauta ne da baƙi, babban na otal da ofis da falo.

Ka kuma riƙa ajiye wasu a kwali kawai, da madogari mai tauri a baya, cikin leda mai haske. Baƙon da zai hau jirgi ba ya son gilashi a jakarsa. In kuma ya ce Turai za shi, ka sanar da shi cewa can da santimita ake awon firam, kuma 12x16 ɗinka ya ɗan ɗara 30x40 nasu, sai an rage gefen kwalin kafin ya shiga.