Fenti mai duhu a falo: shin zai ƙara mana zafin Sakkwato?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Mabera, nan cikin Sakkwato. Shekara 6 ke nan falona da ɗakin kwanana suna ruwan madara, har na gaji da kallonsa, kuma duk gidan da na shiga shi ne dai. Kwanan nan ina ta ganin hotunan gidaje a Instagram, an yi musu kore mai duhu da shuɗi mai cizawa da ruwan jar ƙasa, wai adon lokacin zafi ne. Raina ya biya ƙwarai. Maigida ya ce sam, launi mai duhu yana jan zafi, ga bazara ga wuta ba ta zama. Mama, mahaifiyarsa, ta ce ɗakin zai koma kamar kogo. Don Allah da gaske ne? In kuma zai yiwu, wane launi zan zaɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida bai yi ƙarya ba, sai dai maganarsa ta bangon waje ce, ke kuma ta ciki kike yi.

Launi ba ya haifar da zafi da kansa, sai rana ta sauka a kansa. Ajiye farar mota da baƙa a filin Allah da azahar, baƙar ba za ta taɓu ba. Shigar da su rumfa ɗaya tun safe, ki dafa kowace da la'asar, ba za ki bambanta su ba. Farin fenti mai kyau yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya dake shi, baƙi kuwa yana shanye fiye da kashi 90 ya mayar da shi zafi. To bangon cikin falonki rana ba ta ganinsa, in ban da ɗan abin da ya leƙo ta taga, shi ma labule ya tare. Zafin da ke gasa ku a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, ta sama yake saukowa, daga kwano zuwa silin, sai kuma bangon yamma da ke shan rana tun daga azahar har ta faɗi. Bulo yana riƙe wannan zafin ya dinga sakinsa cikin dare, shi ya sa ake sallar isha'i bango na huci kamar tanda. Saboda haka a waje, musamman yamma, ki bar maigida da farinsa ko ruwan madararsa, ina bayansa ɗari bisa ɗari. Na taɓa yi wa wani Alhaji ruwan hanta a bangon waje wajen Arkilla, na faɗa masa bai ji ba, bazara ɗaya aka yi ya kira ni na mayar masa da fari, kuɗin fenti sau biyu.

Ki tuna tsofaffin gidajen cikin gari, irin na wajen Hubbaren Shehu. In kin fito daga ƙwallewar rana kika faɗa zaure ko soro, me idonki yake fara ji? Hutu. Bangon jar ƙasa ne, wani an shafe shi da makuba ya yi ja-ja baƙi-baƙi, tagar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Kaurin bango ne ke kawo sanyin, amma duhun ne ke sa rai ya kwanta. Su Turawan da kike ganin hotunansu, zafinsu na wata 3 ne, marmarinsa suke yi, neman shigo da rana ɗaki suke. Mu gudunta muke yi. Adon bazara a Sakkwato inuwa ne, kuma launi mai cizawa yana ba da ita fiye da farin bango da ke ɗauke ido da tsakar rana.

Maganar launi kuwa, wanda na fi ba mutanen garin nan shawara shi ne dangin ƙasa: ruwan makuba, ruwan jar ƙasa, ruwan tukunyar da ta gasu, ruwan zuma mai duhu. Dalili biyu. Garin launin da ake haɗa su da shi dangin tsatsar ƙarfe ne, ba ya koɗewa da wuri ko da rana na taɓa shi. Na biyu, ƙurarmu danginsu ce, in ta kwanta a kansu ba ta tona asiri. Bayansu sai kore mai duhu, irin na ganyen dogon yaro da ya ƙoshi da ruwan damina, ba kore shar irin na tuta ba. Wannan yana shiga da kujeru ruwan madara ko ruwan gwal, irin waɗanda aka fi jera wa amare, kuma a ɗakin kwana yana da daɗin kallo.

Shuɗi mai cizawa, irin na rawani ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa, shi ya fi su kyau duka a idona, kuma shi ya fi su wahala. Ranar da aka gama shi sai kin ɗauka a otal kike. Bari hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, farar ƙurar nan ta sauka, kowane yatsan yaro sai ya bar sa hannunsa a bango. In kina da ƙarfin gogewa duk mako, bismilla. In gidan akwai 'yan dagwai-dagwai uku huɗu, ki kai shi ɗakin kwana, bayan gado, inda hannu ba ya kaiwa. Ja wur da ruwan goro da shunayya, ki bar su a filo da labule. Su ne kan gaba wajen koɗewa, kuma zama cikinsu da zafi yana gajiyar da ido. Ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu ni dai bai taɓa burge ni ba a garin nan, da hazo ya sauka sai gidan ya koma kamar an yi filasta kuɗi suka ƙare.

Mama kuma ta fi maigida kusa da inda matsalar take. Bango mai duhu yana cin haske. Ƙwai ɗaya da ke haska falo mai ruwan madara ba zai ishe ki ba, kuma daren da aka ɗauke wuta, 'yar fitilar cajin da kika saba da ita za ta zama kamar ta aci-balbal. Maganinsa shi ne kada ki zagaye ɗakin duka. Bango ɗaya ya isa a fara, wanda doguwar kujera ke jingine da shi ko wanda talabijin ke jiki, sauran ukun su zauna da launi mai haske da ke ɗasawa da shi. Silin ko POP ya tsaya fari fat, shi ne ke watsa hasken ƙwai zuwa ƙasa. Bangon da taga ke jiki kada ya zama shi ne mai duhun, don hasken tagar zai sa ya ƙara baƙi ido ya dinga wahala. Sannan ki duba kwalin ƙwan lantarki kafin ki saya: mai lamba 6500K farin haske ne mai ratsin shuɗi, yana kashe ruwan makuba ya mayar da shi kamar laka, mai 2700K ko 3000K haskensa ruwan zuma ne, shi ke fito da launin. Ƙwai biyu ko uku a jikin bango sun fi guda ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar silin.

A irin wannan bangon ne kayanmu na gida ke samun bakin magana. Tumtum na fatar jar akuyar Sakkwato, faifai masu launi guda biyar a jere, ƙwarya mai zane, farantin tagulla: a jikin ruwan madara ɓacewa suke, a jikin kore mai duhu kuwa sai baƙuwa ta tambaye ki daga wace ƙasa aka kawo.

Wajen sayen fentin, ki ce a ba ki satin, mai ɗan sheƙi kaɗan wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Imolshan mai arha, wato fentin ruwa marar sheƙi, a launi mai duhu asara ce, kina gogewa yana bin tsumman. Sai dai satin ba ya rufa wa bango asiri, duk tudu da kwarin da birkila ya bari sai ya nuna, don haka a fara yin skiridin, wato shafen da ke daidaita fuskar bango, a goge ya yi sumul. Fentin mai kuwa kada ya hau bangon ɗaki: ga wari, ga ƙyalli, kuma an sha samun dalma a cikin wasu irinsa, musamman ja da ruwan ɗorawa, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Ki kuma duba gindin bangon, musamman wanda ke jingine da bayi. In yana fitar da farin gari kamar kanwa ko fentin yana kumbura bayan damina, danshi ne, a gyara shi tukuna, don a jikin launi mai duhu wannan farin tabon daga ƙofa ake hango shi. Sabuwar filasta kuma a ba ta aƙalla mako 4 ta bushe.

Lissafin ba shi da nauyi. Bango mai tsawon ƙafa 14 da tsayin ƙafa 10 bai wuce murabba'in mita 13 ba, lita ɗaya kuma tana shafe kamar mita 10 a shafi guda in bangon na da santsi. Launi mai duhu yana son shafi 3, ke nan galan ɗaya mai lita 4 zai kai ki ko ya rage kaɗan. In za a sayi fiye da ɗaya, a juye su cikin bokiti guda a gauraya kafin a fara, don haɗin launi ba ya zuwa daidai ko daga shago ɗaya ne. Ki sa ido kada mai fenti ya cika masa ruwa don ya yi auki. Kuma ya fara da sassafe ya tsaya kafin hantsi ya ɗaga sosai. Ni da kaina, ina sabon shiga sana'ar, na taɓa shafa shuɗi da azahar a watan Afrilu, fentin na bushewa a jikin rola tun kafin in haɗa layi da layi, bangon ya fito da zane-zane kamar tabarma, sai da na sake shi a aljihuna.

Kafin duk wannan, sayi ƙaramin gwangwani, a shafa kamu biyu a kan kamu biyu a bangon da kika zaɓa, ki bar shi kwana 3. Ki kalle shi da safe, da azahar, da magariba, da kuma daren da babu wuta, domin launin da ke jikin katin shago ko allon waya ba shi ne zai fito a ɗakinki ba, yakan fi duhu in ya mamaye bango. In gidan haya ne ki nemi izinin mai gidan, don mayar da shi fari sai an yi shafi da yawa. A rana ta uku da la'asar ki roƙi maigida ya dafa wurin da aka shafa, ya dafa ruwan madarar da ke gefensa, sannan ya je ya dafa bangon yamma. Mama kuma a kira ta da daddare bayan an kunna sababbin ƙwayayen, ita za ta yanke hukuncin ko bango na biyu zai samu.