Tambaya da Amsa: Kwana uku a Salvador, ina zan sa ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin aikin gona ne a Zariya. An gayyace ni taro a birnin Salvador na ƙasar Birazil a watan Satumba, kuma tare da maiɗakina za mu tafi. Bayan taro muna da rarar kwana uku. Duk abin da na ci karo da shi a intanet bakin teku ne da raye-raye, har jikina ya yi sanyi. Akwai abin da mutum irina zai gani a can? Kuma yaya batun abinci da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Kada jikinka ya yi sanyi ko kaɗan. A duk biranen da ke ƙetaren Tekun Atlantika, babu wanda Bahaushe ke da haƙƙin ziyarta kamar Salvador, domin ƙafafun kakanninmu sun taka duwatsun titunansa, wasunsu kuma a can ƙasa ta rufe idonsu.

Turawan Fotugal ne suka kafa garin a 1549, shi ne babban birnin Birazil na farko har zuwa 1763 da aka mayar da gwamnati Rio. Arzikinsa rake ne da taba, masu noman kuwa bayi ne daga Afirka. Bayan da yaƙe-yaƙen jihadi suka ɓarke a ƙasar Hausa a 1804, an riƙa sayar da waɗanda aka kama zuwa kudu, hannu zuwa hannu, har bakin ruwa, daga nan jirgi ya kwashe su zuwa Bahia, jihar da Salvador take. Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa tun kafin ya tashi. A Fabrairun 1814 suka tashi da gaske a wuraren kamun kifi da ke wajen Itapuã, kuma takardun shari'a sun rubuta jagoransu da laƙabin malomi. Ka sake furta kalmar a bakinka, Malam: malami ne.

Don haka ranar farko ku ba tsohon gari gaba ɗayanta. Ku sauka a Praça Tomé de Sousa, dandalin da ke saman tudu yana kallon teku. A nan ginin majalisar gari yake, wanda a da kurkuku ne a ƙarƙashinsa. Daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmin garin suka yi tawayen da ake kira na Malê. Mafi yawansu Yarabawa ne, amma akwai Nufawa da Hausawa, cikinsu har da wani malami Bahaushe mai sayar da taba da ake kira Dandará. Asiri ya tonu kafin lokaci, jami'ai suka dira wani gida a gangaren Ladeira da Praça, mutanen ciki suka fito da takubba sanye da fararen riguna. Kurkukun nan suka fara nufa don su fito da malaminsu Pacífico Licutan, dattijon da aka tsare ba don laifinsa ba, sai don ubangidansa ya ci bashi aka kama shi a matsayin kadara. Ba su samu sa'a ba. Kimanin mutum 600 ne suka shiga, aka ƙare faɗan kafin gari ya waye a Água de Meninos, aka kashe kusan 70. A jikinsu aka samu layu da ayoyin Alƙur'ani, a gidajensu kuma alluna da tasbaha. Wasu daga cikin rubuce-rubucen suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar.

Na taka gangaren nan da hantsi. Shaguna ne da motoci da masu tallar ruwa, kowa yana harkar gabansa. Daga can na ƙarasa Campo da Pólvora, inda aka harbe mutum huɗu daga cikinsu ranar 14 ga Mayun 1835. Yau akwai tashar jirgin ƙasa a wurin. Na tsaya gefen wata bishiya na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, hawaye na zubo mini, jama'a na wuce ni. Ina roƙonka kai ma ka tsaya ka yi musu addu'a. Ko sunan rigar da matasa ke sawa lokacin bikin shekara-shekara na Carnaval, abadá, daga farar rigar waɗannan bayin Allah ya samo asali.

Daga dandalin Tomé de Sousa, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa Pelourinho, unguwar gidaje masu launi iri-iri da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala. Ku shiga gidan tarihin Afro-Brasileiro a dandalin Terreiro de Jesus, ku kuma ga shuɗiyar majami'ar Rosário dos Pretos da baƙaƙen fata suka gina wa kansu. Za ku tarar da samari sun yi da'ira suna capoeira, wasan da ya haɗa kokawa da rawa, ana kaɗa wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya a gindinsa. In ka ɗauki hoto, ka ba da ɗan abin goro. Masu ɗaura wa baƙi siririn ƙyalle mai launi a wuyan hannu za su ce kyauta ce, daga baya su nemi kuɗi, kuma ƙyallen na neman biyan buƙata ne a al'adar majami'ar Bonfim. Ka janye hannunka cikin fara'a ka ce “não, obrigado”, wato a'a, na gode.

In rana ta karya, ku hau Elevador Lacerda, lif ɗin da ke haɗa garin sama da na ƙasa tun 1873, tsayinsa mita 72. Kafin ka gama gyara tsayuwa kun sauka. Kasuwar Mercado Modelo na nan a gabanku, Hajiya ta yi tsaraba, kuma ana tayi kamar a Kurmi.

Yanzu ga abin da zai faranta mata rai. Da yamma ku je unguwar Rio Vermelho ku nemi matan da ke zaune cikin fararen kaya da ɗaurin kallabi, gabansu babban kasko. Abin da suke soyawa sunansa acarajé. Ƙosai ne, Malam, ƙosan wake da aka surfa aka markaɗa da albasa, sai dai a manja ake soya shi kuma girmansa ya kai dunƙulen hannu. Na zauna ina kallon wata dattijuwa tana buga ƙullu da muciya har ya tashi, ta ɗebo da cokali ta saki a mai, ga albasa guda ɗungurungum tana yawo a kaskon don kada man ya ƙone. Ta tsaga ƙosan gida biyu, ta cusa miyar kuɓewa mai kauri, da wani kwaɓi na gyaɗa da madarar kwakwa, da busasshen jatan lande. Za ta tambaye ka “quente ou frio”, mai zafi ko mai sanyi. Yaji take nufi, kuma barkononsu ba ya wasa. Kusa da kaskon akwai abará, alalar da aka turara a ganyen ayaba.

Kifi da kayan teku su ne mafitarku. Ku ci moqueca, farfesun kifi da manja da madarar kwakwa, ana kawo shi yana tafasa a kaskon ƙasa. Wake kuwa ku yi hattara da shi a gidan abinci, don yawanci da naman alade ake dafa shi, musamman feijoada. Ka rubuta waɗannan a takarda: porco, bacon, presunto, calabresa, linguiça. In ka gan su ka wuce. Ruwan ɗanyar kwakwa na ko'ina.

Salla ba za ta gagara ba. Akwai Centro Cultural Islâmico da Bahia a unguwar Nazaré, ba nisa da tsohon gari, ana Juma'a a can kuma za ka haɗu da 'yan Afirka ta Yamma. Alƙibla gabas ce da karkata zuwa arewa. Agogonsu na bayan na Najeriya da awa huɗu.

Rana ta biyu ku ga teku, ba sai kun shiga cunkoson masu wanka ba. Da safe ku hau kwalekwalen fasinja kusa da Mercado Modelo zuwa tsibirin Itaparica, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ku ga garin daga kan ruwa yadda waɗanda aka kawo a ɗaure suka fara ganinsa. Ku dawo kafin magariba ku je Farol da Barra, hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke cikin tsohuwar ganuwar soja. Mutane na zama a kan ciyawa, rana na nutsewa cikin ruwa sai su ɗauki tafi.

Rana ta uku, tunda kai mutumin gona da halittu ne, ku ɗauki mota zuwa Praia do Forte, kimanin kilomita 80 arewa, inda cibiyar Tamar ke kula da kunkurun teku. Hanyar tana bi kusa da Itapuã, ka ce direba ya ratsa da ku.

Satumba lokaci ne mai kyau, ruwan sama mai ƙarfi na Afrilu zuwa Yuni ya wuce. Fotugis ake yi, Turanci ba ya kai mutum nesa. Kada ka riƙe waya a hannu kana tafiya a titi, ku bar fasfo da gwal ɗin Hajiya a masauki, bayan isha'i kuma ku kira mota ko da wurin kusa ne. Ku tafi da katin rigakafin shawara. In kun dawo, ka rubuto mini yadda Hajiya ta ji ƙosan.