Hukuma ta ce in mayar da tallafin korona da aka ba gidana na renon yara

Tambaya: Barista, ina da gidan renon yara. Lokacin korona gwamnati ta ba mu tallafi. Da yara suka ragu na sallami masu reno biyu, kuɗin kuma na biya haya da wasu basussuka. Yanzu hukuma ta aiko takarda wai in mayar da wani kaso. Ai tallafi ne, ba rance ba. In maka su a kotu?

Amsa: Hajiya, ban ga takardar da kika sa wa hannu ba, kuma dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka maganata da iyaka. Amma inda kika tsaya a kai ɗin nan, a ganina, ba shi da ƙwari. Kasancewar kuɗi ba rance ba ne ba ya nufin ya zama naki ki yi yadda kika ga dama. Galibin irin wannan tallafi da sharaɗi yake zuwa, wanda ya saɓa kuma ana iya cewa ya dawo da shi.

Duba Amurka. A 2021 an ware kusan dala biliyan 24 domin kada gidajen reno su durƙushe, aka raba ta hannun jihohi. A lokacin, mai karɓa sai ya yi alkawarin ba zai rage albashin ma'aikata ba, ba zai tura su hutun dole ba, zai kuma sassauta wa iyaye kuɗin reno gwargwadon hali. Haya tana cikin abin da aka yarda a biya. Idan naki ya yi kama da wannan, hayar ba ta dame ni ba. Sallamar masu renon ce, da basussukan nan da ba ki fayyace ba. Na gidan renon ne, ko na kanki? Kafin karɓar kuɗin kika sallame su, ko bayan? Da kansu suka ajiye aiki? Amsar tana iya juya lissafin gaba ɗaya.

Ita ma hukumar ba a ce duk abin da ta rubuta daidai ne ba. Su kan tura irin wannan takarda ba tare da nuna yadda suka kai ga adadin ba, alhali ya kamata su nuna. Ki nemi lissafin a rubuce.

Sauran sananne ne: ki amsa kafin wa'adin da ke jikin takardar, ki haɗa rasit, takardar banki da rajistar albashi, ki nemi a sake duba shawarar.

Kotu kuwa ba zan tura ki yanzu ba. A wurare da yawa alƙali zai fara tambayar ko kin bi hanyar ƙorafi ta cikin hukumar, kuma kuɗin shari'a na iya wuce abin da ake bin ki. Ga lasisinki a hannun gwamnatin. Idan lissafinsu ya tabbata, ki nemi zama da su, a cire abin da kika kashe bisa ƙa'ida, saura a yarda ki biya kashi-kashi. Kada dai ki sa hannu kan amincewa da bashi sai lauyan da ya san dokar wurinku ya karanta.