Tsakanin "disturb" da "dama": amsar tambayoyinku

Malam, yara yanzu sai ka ji suna cewa "kana distobin ɗina". Ina asalin kalmar, kuma mece ce Hausarta? (mai karatu daga Zariya)

Aikatau ne na Ingilishi, *disturb*, amma ba haifaffen Ingila ba ne. Tushensa Latin ne, *disturbare*, mai gaɓa biyu: *dis-*, da ke nuna watsewa, da *turbare*, wato gauraya abu ko birkita shi. Ita *turbare* kuwa ta fito ne daga *turba*, cincirindon mutane mai hayaniya. Kalmar ta zama *destorber* a tsohon Faransanci, ta tsallaka Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066, kuma zuwa ƙarni na 13 ta shiga rubutu. 'Yan ɗakinsu sun haɗa da *trouble*, da *turbid*, wato gurɓataccen ruwa, da *turbulence*, girgizar da jirgin sama ke yi idan iska ta hautsine.

Ba banza na jero waɗannan ba. Duka suna komawa ga hoto ɗaya: abu yana kwance lafiya, an zo an juya shi. Wannan hoton kuwa Bahaushe ya daɗe da shi. Dubi mai fura: ta marmasa curi a ƙwarya, ta zuba nono, ta sa ludayi tana juyawa har gudajin su narke. Me ta yi? Ta dama. Sannan dubi mutumin da aka hana shi barci da buga ƙofa. Me aka yi masa? An dame shi. Saiwa ɗaya ce, karin sauti ne ya raba su. "Dama" ta fura murya sama take farawa ta sauka, "dama" ta mutum kuwa ƙasa take farawa. A tsarin giredi bakwai na aikatau, wato azuzuwansa, da masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya fitar a 1960, na farko giredi na 1 ne, na biyu giredi na 2. Idan aka kai giredi na 7 sai su haɗe: "furar ta damu", "Audu ya damu". Ita ta ji ludayi, shi ya ji tunani. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, kowanne ya gano cewa zuciya kamar ruwan randa take, a bar ta ta kwanta, a taɓa ta ta gurɓace.

To mai harshe irin wannan me ya kai shi aron "distobin"? Ban ƙi aro ba. Mun ari "fakin" da "cajin" da "birki" saboda mota da waya baƙi ne a wurinmu, kuma mun bi ƙa'idarmu: Hausa ba ta cika ɗaukar aikatau na Ingilishi a matsayin aikatau ba, sai ta mayar da shi suna ta jingina shi da "yi". Amma damuwa ba baƙuwa ba ce. Kuma kalmar aro guda ɗaya tana haɗiye mana kalmomi wajen goma, kowacce da nauyinta. Yaron da ke ta jan rigar uwarsa yana damunta. Maƙwabcin da ya ƙure rediyo cikin dare ya takura wa mutane. Mai bin bashi da ke zuwa safe da yamma ya matsa, in ya ƙara ya uzzura. Sauro ya addabi gida, ɓarayi sun gallabi unguwa, ciwon haƙori ya hana mutum sakat. Labarin rasuwa ya tayar da hankali. Wanda ya zuba duk waɗannan a buhu ɗaya ya kira su "distobin" ba gaba ya ci ba, talauta bakinsa ya yi.

Tun da mun zo nan, akwai kuskuren da ke ci mini tuwo a ƙwarya, har a wasu kafafen labarai: "abin da ya damu jama'a". Giredi na 2 yana sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya. Gaban suna, -i: ya dami jama'a, kamar ya sayi doki. Gaban wakilin suna, -e: ya dame su, kamar ya saye shi. "Damu" ba ya cin karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kai tsaye: jama'a sun damu, ko sun damu da abin. Inda ruɗanin ya samo asali shi ne "yana damun jama'a", wanda daidai ne, amma "damu" na nan sunan aiki ne. Kuma a raba "dame ni" wajen rubutu, kalma biyu ce.

Mene ne bambancin *disturb* da *interrupt* da *disrupt*? Ina fassara labarai, suna rikita ni. (daga Kano)

Biyun na ƙarshe ba dangin na farko ba ne. Daga Latin *rumpere* suke, wato karya ko tsinka. *Interrupt* tsinkawa ce a tsakiya, Hausarta "katse": an katse masa magana, an katse shirin. Abin da aka katse ana sa ran ya ci gaba. *Disrupt* ya fi faɗi, tsari ne gaba ɗaya ya lalace: ambaliya ta kawo tsaiko ga zirga-zirga, yajin aiki ya dagula karatu, 'yan daba sun tarwatsa taro. *Disturb* kuma natsuwa yake taɓawa, ba dole aikin ya tsaya ba.

Ga ma'auni mai sauƙi. Malami yana koyarwa. Ɗalibin da ya jefo tambaya a tsakiyar jimla ya katse shi. Masu surutu a bayan taga sun dame shi. Wanda ya sa aji ya watse ya hargitsa darasin.

Tarko biyu za ka kiyaye. *Disturb* yana nufin gusar da abu daga inda yake, kamar a ce kada a taɓa komai a wurin da aka yi laifi kafin masu bincike su iso. A nan "kada a dami kayan" shirme ne, "kada a taɓa" ko "kada a motsa" za ka ce. Na biyu, sunan *disturbance* a labarin tsaro tarzoma ce ko hargitsi, ba damuwa ba. Laifin da ake kira *disturbing the peace* kuwa Hausa ta riga ta yi masa suna mai kyau: tayar da zaune tsaye.

Ko *turba* ta Latin da "turba" tamu, wato hanya, abu ɗaya ne?

A'a. Kamar sauti ce kawai. Waccan taron hayaniya ce, tamu tafarki.

Mu a Maraɗi *déranger* muka sani. Daidai take da *disturb*?

A yawancin wurare, e. Sai dai hotonta daban: *ranger* jera abu ne a sahu, *déranger* ɓata jerin. Ka yi hattara, Ingilishi ya are ta, amma *deranged* a can mai taɓin hankali ake nufi.

Me ya sa ake cewa "ba katse hanzarinka ba", alhali kuwa katsewar za a yi?

Ladabi ne. Hanzari a nan hujja ce ko uzurin da mutum yake cikin kawowa, shi ya sa ake cewa "wani hanzari ba gudu ba" idan za a shigo da wata magana da ba a duba ba. Mai cewa "ba katse hanzarinka ba" yana sanar da kai ya san maganar taka ce, aron ɗan fili yake yi zai mayar. Wanda ya shigo babu wannan sallama, shi ake cewa ya tari numfashinka, kuma idan ƙarami ya yi wa babba haka rashin kunya ne ko da gaskiya ce a bakinsa. In kuma maganar ba tasa ba ce tun farko, ya tashi daga katsewa ya koma katsalandan, ko shiga sharo ba shanu.

"Ta dame ta ta shanye": wane "dama" ne wannan?

Na fura. Wadda ta dame ta kuma shanye ba ta rage komai a ƙwarya ba, wato ta fi ta nesa ba kusa ba. Daga ƙwaryar nan ne kuma muka samu "ana damawa da shi".

Yaya za a rubuta *Do not disturb* a ƙofar ɗaki?

"Kada a dame ni" ya yi a waya. A ƙofar ɗakin mara lafiya ko ɗakin jarrabawa ya yi kaushi, kuma bai faɗi abin da ake so a bari ba. A rubuta "Ana hutawa, don Allah kada a ƙwanƙwasa", ko "Ana jarrabawa, a yi shiru".