Tambaya da Amsa: Sandar Giya Ta Maƙale a Kan P

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jidda, kuma ina da Toyota Camry mai giya otomatik. Kwanan nan sandar giyar takan maƙale a kan P, wato giyar fakin, ko na taka birki ba ta motsawa. Wani bakanike a Sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci, ya ce sai an sauke giyabos. Shin haka ne? (Mai karatu daga Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yarda a sauke giyabos tukuna, domin abin da ka kwatanta ba kasafai yake fitowa daga cikinsa ba. Irin wannan mota tana da makulli na lantarki a gindin sandar giya, wanda ba ya sakin ta daga P sai ya sami saƙo cewa an taka birki, kuma saƙon yana fitowa ne daga ɗan makunnin da ke saman fedar birki, wato wanda yake kunna fitilun birki na baya. Saboda haka ka kunna mota, ka taka birki, ka sa wani ya duba baya. Idan fitilun ba su kama ba, to ko fis ne ya ƙone, ko makunnin ne ya mutu, kuma gyaran kowannensu aikin mai wayarin ne na ɗan lokaci. Idan sun kama, amma ba ka jin wani ɗan ƙas a gindin sandar lokacin da ka taka birki, sai a binciki makullin kansa da wayoyinsa.

Kafin ka kai ga gareji, akwai ɗan murfi kusa da sandar. Ka ja birkin hannu, ka taka birki, ka buɗe murfin ka danna abin da ke ciki, sandar za ta saki. Wannan dabarar fita kunya ce kawai, ba gyara ba.

Ka kuma lura da inda matsalar take faruwa. Idan a kan gangara ne kaɗai, kamar yadda mutanenmu na Makka da Ɗa'if suke fama, to nauyin motar ne ya danne haƙorin da ke riƙe giya a P. Maganinsa shi ne a riƙa jan birkin hannu motar ta zauna a kansa kafin a sa P, abin da direbobi da yawa suke rainawa.

Idan kuwa sandar tana yawo sakwa-sakwa, ko ta nuna D, wato giyar tafiya gaba, amma motar ba ta tafi ba, a duba robar bakin kebur ɗin da ya haɗa ta da giyabos, wadda tsufa da zafin ƙasar nan suke busar da ita har ta farfashe. Sai motar ta fara fizga, ko ta jinkirta shiga giya, ko man giyar ya yi baƙi yana ƙauri, sannan maganar giyabos take tasowa. A wannan hali ma, a fara sa mata kwamfuta, kuma a ɗauke ta a kan sadaha, wato motar ɗaukar motoci, maimakon a ja ta da igiya.