Me ya sa muryar rediyo ke sauyawa idan an juya akwatin?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. An koya mana cewa igiyar rediyo ta ƙunshi ƙarfin lantarki da na maganaɗisu, amma ban gane alaƙarsu ba. Kuma na lura idan Baba yana sauraron tashar Kano a matsakaicin zango, da ya juya akwatin sai murya ta ƙaru ko ta dusashe. Ko abubuwan biyu suna da haɗi?

Amsa: Suna da haɗi ƙwarai, ɗana, kuma rediyon Babanka ya fi zanen da ke cikin littafi bayyana lamarin.

A shekarar 1820 Oersted, ɗan ƙasar Denmak, ya ga allurar kamfas ta karkata lokacin da lantarki ya bi ta wata waya kusa da ita. A 1831 kuma Faraday a Ingila ya nuna akasin haka, wato idan aka motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai taso, kuma a kan wannan ne janareto yake aiki har yau. Maxwell ne ya haɗa su a lissafi a 1865, inda ya nuna cewa duk inda ƙarfin lantarki yake sauyawa akwai na maganaɗisu tare da shi, haka kuma duk inda na maganaɗisu yake sauyawa akwai na lantarki. Saboda haka su biyun suna iya barin eriya su ratsa sarari ba tare da waya ko iska ba, cikin gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, wanda shi ne gudun haske. Hertz ya tabbatar da hakan a gwaji a Jamus a 1887.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne zaton cewa karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ya tashi sannan ɗayan ya biyo baya. Ba haka ba ne. Da zarar igiyar ta yi nisa da eriya, tare suke kai ƙololuwa, tare suke komawa sifili. Bambancinsu a fuska yake: kowanne yana gicciye da ɗan'uwansa, kuma dukansu suna gicciye da hanyar da igiyar ta dosa.

Kano tana yamma da ku, don haka igiyar gabas take tafiya. Eriyar tashar matsakaicin zango doguwar hasumiya ce a tsaye, shi ya sa ƙarfin lantarkin yake kaɗawa sama da ƙasa, na maganaɗisun kuwa kudu da arewa. To, a cikin akwatin akwai wani baƙin sanda a kwance, kamar guntun gawayi, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe. Ɓangaren maganaɗisu kaɗai yake kamawa, ta irin hanyar da Faraday ya gano. Idan sandan ya miƙe kudu da arewa, ƙarfin yana bi ta cikin naɗin sosai, murya ta fito tangararau. Ita kuwa eriyar ƙarfe da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango, ɓangaren lantarki take kamawa, shi ya sa zare ta ba ya ƙara komai a matsakaicin zango.

Ka ari akwatin da rana, ka juya shi a hankali har muryar ta kusa ɓacewa. A daidai nan bakin sandan yana kallon inda hasumiyar take.