Amsa ga mai son cire robar gefen motarsa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka cewa kana son cire baƙar robar nan da ta bi gefen ƙofofin motarka domin jikin ya fito sumul, kuma kana neman sanin ko aiki ne da za ka iya yi a gida ko sai an kai wa masu gyaran bodi, da kuma ko zai bar tabo. Na ga wasu sun ce maka ka sa sukudireba ka ɓanɓare ta kawai. Don Allah kada ka yi haka. Sha'awar da ke ranka ita ce ta taɓa kama ni, kuma har yau idan na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya ɓaci.

Ba ka faɗi irin motar taka ba, alhali a nan amsar take. Robar gefe iri biyu ce. Akwai wadda aka manna da tef mai gam fuska biyu, irin na 3M, wadda idan ta fita ƙarfen da ke ƙarƙashinta lafiyayye ne. Akwai kuma wadda aka kafa da ƙananan maɓallan roba da suke shiga cikin huji a jikin ƙofar, wadda idan ka cire ta za ka tarar da jerin ramuka tun daga ƙofar gaba har ta baya. Wasu motocin ma sun haɗa duka biyun, ga gam ga maɓalli. Daga waje ba ka iya bambancewa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a kwance murfin ƙofar na ciki, a haska tocila ta bayan ƙarfen daidai layin robar. Idan akwai maɓallai za ka ga kawunansu sun leƙo. Idan ba ka son a kwance maka ƙofa, ka je wurin masu sayar da kayan Beljiyam a Sabon Gari, ko Panteka idan ka shiga Kaduna, ka ce a nuna maka robar irin motarka, ka juya bayanta ka duba.

Tawa Peugeot 406 ce, cikin waɗanda aka haɗa a Kaduna, kuma robarta mai maɓalli ce. Na kai ta wurin wani mai gyaran bodi a nan Zariya, ba zan kama sunansa ba, muka yi ciniki a kan cewa zai toshe kowane rami da walda, ya goge, sannan a fesa wa gefe biyun fenti. Kuɗin walda ya caje ni, kuma na biya shi cif ba tare da na nemi ragi ba, domin da bakinsa ya ce mini aikin yana da wahala. Ranar da na karɓi motar wallahi ta yi kyau, har abokan aiki suna tambayata wanda ya yi mini. Da damina ta kankama, wajen watan Agusta, sai na fara ganin wasu 'yan da'irori suna tasowa a jikin ƙofar direba, a jere, tazararsu ɗaya, daidai inda maɓallan suke a da. Kafin ruwa ya ɗauke sun tsage, jan ruwan tsatsa yana gangarowa daga cikinsu a kan fentin da na biya kuɗinsa.

Da na sa wani ya buɗe ƙofofin ta ciki, abin da muka gani shi ne tef ɗin takarda irin wanda masu fenti suke rufe gilashi da shi, an manna a bayan kowane rami, an cusa fila, wato kwaɓin da masu gyaran bodi suke cike lotsawa da shi, ta waje. Babu ɗigon walda ko ɗaya a ƙofofi uku. A ta huɗun kuwa ya gwada waldar gas, zafi ya yi wa ƙarfen yawa ya lanƙwashe, shi ne ya lafta fila mai kauri ya ɓoye ɓarnar, ya kuma fasa yin sauran. Na koma wurinsa da motar, na nuna masa. Mutumin nan ya dube ni a gaban yaransa ya ce ai ruwan bana ne ya yi yawa, kuma wai ina yawan kai motar wanki. Da na ce ya nuna mini inda ya yi waldar da na biya, sai ya ce fila ma ai walda ce a wurinsu. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, domin ya san ƙarya yake yi, ya kuma san na sani. Dattawan garejin suka taru suna ba ni haƙuri, aka ce zai gyara kyauta, amma wa zai sake miƙa ƙofarsa ga hannun da ya yi wannan? Ko sisi bai mayar mini ba, kuma har yanzu idan muka haɗu a hanya sai ya ɗaga mini hannu kamar babu abin da ya faru.

Dalilin da ya sa fila ba ta riƙe rami ya kamata ka sani, domin kada a rufe ka da magana. Cikin ƙofar mota ba busasshe ba ne. Ruwan sama yana bi ta gefen gilashi ya sauka ciki, ya fita ta ƙananan kafofin da ke ƙasan ƙofar. Fila tana shan danshi, saboda haka idan bayanta a buɗe yake ta cikin rami, ruwan zai same ta, ƙarfen da ke kewaye ya yi tsatsa ya tura ta waje. Ga kuma girgizar rufe ƙofa da ramukan hanya, ga zafin rana da ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke. An yi fila ne don daidaita 'yar lotsawa, shafe mara kauri a kan lafiyayyen ƙarfe. Ƙarfen fatar ƙofa kuwa kaurinsa bai kai milimita 1 ba, shi ya sa harshen wutar gas yake saurin murɗe shi. Wanda ya iya aikin ɗigo-ɗigo yake yi, yana barin wurin ya huce kafin ya ƙara, yana tara ƙarfen tagulla ta baya ko ya yanko ɗan faci, sannan ya shafa maganin tsatsa ta ciki. Idan taka mai rami ce, ka tsaya a wurin ka ga waldar da idonka kafin a shafa komai a kai. Bayan an gama kuma ka bi layin da maganaɗisu; inda ya ƙi kamawa sosai, fila ce aka tara.

Idan kuwa Allah Ya sa taka mai gam ce, to ka huta, kai da kanka za ka yi. Ka wanke motar tukuna domin ƙurar da ta maƙale a bakin robar tana karce fenti. Ka ajiye ta a rana har ƙarfen ya ɗauki zafi, ranar Maris ko Afrilu ta ishe ka, in ba haka ba ka ari na'urar busar da gashi. Kada ka gwada da sanyin safiyar hunturu, lokacin gam ya ƙage, roba kuma karyewa take yi. Ka sa zaren nailan na kamun kifi ta bayan robar, kana ja hagu da dama a hankali har ya yanka gam ɗin. Abin da ya saura ka murza da yatsa, ka jiƙa tsumma da ɗan kananzir ka goge, sannan ka wanke wurin da sabulu. Kada tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta kusanci wurin, kada reza, domin tina tana cin fenti, musamman idan an taɓa sake fesa motar.

Ko a wannan ma ka shirya ganin bambancin launi. Fentin da ke ƙarƙashin robar bai taɓa ganin rana ba, sauran jikin kuwa ya sha ranar shekaru, ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi nunawa. Folish yana rage shi, wani lokaci ya ɓatar da shi, amma a tsohuwar mota layin yakan tsaya. Wasu ƙofofin kuma an matsa musu kwari tun daga kamfani domin robar ta zauna a ciki, to ko an cire ba za ka sami sumul ɗin da kake hange ba, sai dai dogon kwari fanko, wanda ni a ganina ya fi robar muni.

Akwai abin da ban ga an gaya maka ba. Robar nan ita take karɓar bugun ƙofar motar da ta faka kusa da kai, da gogar Keke Napep a cunkoson PZ ko Kwangila a nan Zariya. Tunda aka cire tawa, kowace 'yar gogayya a kan fenti take sauka. Ranar sayarwa ma dillalai da sun ga babu roba, ga sabon fenti a gefe biyu, hatsari suke kawowa a ransu, kuma duk rantsuwar da za ka yi sai sun rage kuɗin. Idan abin da ke damunka shi ne robar ta koɗe ta yi fari-fari, a cire ta a fesa mata launin jikin motar da firaimar roba, a mayar da sababbin maɓallai. Daga nesa gefen zai yi kamar babu komai, kuma ba a taɓa ƙarfe ba. Ni da a ce yau ne zan taɓa robar tawa mai ramuka, wannan zan yi.

Ka turo mana sunan motar da shekarar da aka ƙera ta, da hoton bayan ƙofar idan ka samu an buɗe, kafin ka ba kowa kuɗin kafin alƙalami. Allah Ya sa a dace.